Giwar Maharazu

Duk wanda ya yi zama a bakin iyakar Jibiya wajen shekarar dubu biyu ya san maganar nan, "giwar Maharazu ce". Idan direba ya ce ya taso daga Maraɗi ya iso cikin minti ashirin, sai a ce giwar Maharazu ce. Idan mai tallar agogo ya rantse ruwa ba ya shiga agogonsa, giwar Maharazu ce. Ni na ƙirƙiro maganar a bakin rumfata ta facin taya, kuma na yi shekaru ina jin daɗin yadda ta bazu har Ɗan Isa. Sunana Nagoggo. Maharazu taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma a wurinmu taubashi abin tsokana ne tun daga goyo har furfura. Ban taɓa zaton wata rana alƙali zai tambaye ni wannan wasa ba.

A Daddara aka haife shi, shekara biyu kafin ni, kuma bai taɓa bari na manta da shekarun nan biyu ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji. Ba ya ɗaga murya, ba ya sauri, ko tuwo ake ci sai kowa ya wanke hannu shi yana nan yana lallaɓa lomarsa. Ya yi noman gero tare da ubansa har ya kai shekara ashirin, sannan wata babbar mota ta ɗauke shi zuwa Agadas, daga nan gona ba ta sake ganinsa ba sai dai in ya zo wucewa. Da ya yi ƙarfi ya sayi tsohuwar mota irin wadda mutanen Nijar ke kira katkat, wadda aka ce da can fara ce. Gero yake kaiwa arewa, da atamfa da sukari da batir, ya dawo da dabino da kanwa da cukun Buzaye.

Direbobi irinsa suna da yawa a iyakar nan. Abin da ya raba shi da su hanya ce. Su kwalta suke bi su je su dawo, shi kuwa da zarar ya wuce Dakwaro sai ya saki hanyar da kowa ya sani ya faɗa rairayi. Wasu suna cewa 'yan duwan yake gudu, wato kwastan na Nijar, kuma ba zan rantse babu wannan a ciki ba. Amma ni da na san shi, na san Maharazu ba ya iya ganin sawun mota ya rabu biyu ya haƙura bai ga inda ɗayan ya ƙare ba. Tafiyar kwana huɗu sai ya yi ta a tara. Ya san rijiyoyin da ba sa cikin takardar kowa, ya san ramukan haƙo da aka bari tun zamanin Faransawa. Ni kuma daga tayoyinsa nake gane inda ya je: in ƙaya ce ta huda, bai yi nisa ba, in dutse ne ya yanka gefen taya, to ya shiga duwatsun Azbin.

Wata rana, kamar shekara goma kafin a ƙaddamar da Shari'a, ya dawo da tayoyi uku a yage. Ina aiki, yana zaune a kan benci da kofin shayi, rumfa cike da direbobi da 'yan dako.

"Nagoggo," ya ce, "na ga giwa."

"A Azbin? Mi take ci, tsakuwa?"

"Bisa dutse take. Zanawa anka yi. Da shanu ashirin da ukku, da raƙuman dawa, da mutane riƙe da masu. Wurin da ko ƙaya ba ta hita."

"Wa ya zana?"

"Ban ishe shi ba."

Rumfa ta kwashe da dariya, ni kuma na ga kasuwa ta buɗe mini. Kafin magariba na sa wa maganar suna, kafin mako ta ƙetare iyaka. Bai yi fushi ba. Duk wanda ya tambaye shi sai ya maimaita masa labarin yadda yake, bai ƙara saniya ɗaya ba, bai rage ba. Da maƙaryaci ne da tuni giwar ta haihu a bakinsa, amma a lokacin ban lura da wannan ba, dariyar ta fi mini daɗi.

Akwai wani manomi a Gangara da ake kira Ɗanladi. Shekarar da damina ta yi gardama ya bi 'yan'uwansa talakawa zuwa Azbin, wurin wani tsohon haƙon kuza, inda mutane ke tsintar abin da Turawa suka bari a cikin ƙasa. Ya bar matarsa Salmatu da 'ya'ya mata biyu, da tsohuwarsa Hajjo, da ƙanensa Habibu. Shekara ta kusa zagayowa babu labarinsa. Sai ga Maharazu ya dawo daga wata tafiya, bai ko kashe mota ba, ya ce in raka shi Gangara, don irin saƙon da yake ɗauke da shi ba a kai shi mutum ɗaya.

A zauren gidan ya faɗa wa maza. Ya ce ya tarar da Ɗanladi a inuwar wani dutse, rai ya yi halinsa kamar da kwana ɗaya, gorarsa babu ko ɗigo. Da alama ya taso ne a ƙasa zai fita babbar hanya ya nemi motar gida, ya kuskure. Ya ce shi da wani Buzu mai suna Agali, wanda ke zaune kusa da haƙon wanda kuma Maharazu ya rage wa hanya a ranar, su suka yi masa salla suka binne shi. Ya ajiye hular mamacin a kan tabarma. Wani dattijo ya tambaye shi a ina ne wurin, don a san inda za a riƙa fuskanta da addu'a.

"Gindin dutsen nan mai giwa," in ji Maharazu.

Wani saurayi da ke tsaye a bakin ƙofa ya fashe da dariya kafin ya kama bakinsa. Ni na koya masa dariyar nan, ko da yake bai taɓa zama a rumfata ba. Hajjo tana bayan zana, ta ji amsar, ta kuma ji dariyar. Ta aiko a gaya mana ɗanta bai mutu ba, hula kowa na iya tsinta, kuma ba za ta karɓi gaisuwar mutuwa a kan maganar mutumin da ke ganin giwa a hamada ba. Ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba, ba a yi sadaka ba.

Shekara uku Salmatu ta yi a haka, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Tana gidan miji tana daka wa Hajjo, tana renon 'ya'yanta, duk motar da ta tsaya a bakin gari tsohuwa ta tura a dubo mata ko shi ne. Mahaifin Salmatu ya so ya je a raba auren tun da babu ci babu sha daga miji, abin da ba zai ɗauki dogon lokaci ba. Ta ƙi.

"Bai sake ni ba, ba ni neman saki," ta ce. "In ya mutu a hwaɗa mini in yi mishi takaba, a yi mishi sadaka kamar kowane Musulmi."

Da Shari'a ta zo Katsina garinmu ya canza. Masu sayar da giya suka kwashe suka ƙetare iyaka, kowa ya zama masanin hukunci, har 'yan dako suna musu a kan sharuɗɗan shaida suna jiran kaya. Salmatu ta ji a wa'azi cewa mace tana da ikon kai kukanta gaban alƙali da kanta. Ta ɗauki mahaifinta suka je, ta nemi a tabbatar mata ko mijinta yana raye ko ya mutu.

Alƙalin dattijo ne mai taka-tsantsan, ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri. Ya saurari Maharazu har ƙarshe. Sannan Habibu ya miƙe a madadin tsohuwarsa ya ce shaidar nan ba ta karɓuwa, domin duk Jibiya an san mutumin da shaci-faɗi, har sunansa ya zama abin kwatance, kuma ɗan'uwansa na jini ne ya fara faɗa. Aka kira ni.

"Kai ka fara cewa giwar Maharazu?" alƙali ya tambaye ni.

"Ni ne, Allah gafarta Malam. Amma wasan taubasai ne."

"Na san wasan taubasai, ni ma ina da su. Ka taɓa kama shi da ƙarya?"

"Ban taɓa ba."

"To giwar fa? Tsakaninka da Allah, ka yarda tana nan?"

Na dubi Maharazu, yana kallon ƙasa. Na riga na rantse, kuma ban iya ƙarya a gaban Alƙur'ani ba ko don taubashi. Na ce ban yarda ba.

Alƙali ya ce ba zai yanke wa mutum mutuwa da bakin shaida ɗaya ba, balle shaidar da danginsa ma ke kokwanto. Sai dai a kawo Buzun nan, ko kuma mutum biyu su je su ji daga bakinsa su dawo su faɗa. Agali ba shi da takardar ƙetare iyaka, ba a ma san ko yana nan ba. Habibu ya ce shi zai je, don a gama da maganar. Ni ba a tambaye ni ba, na ce da ni.

A waje na rasa inda zan sa fuskata. Kunya irin wannan ban taɓa jin ta ba. Ina jiran ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

"Ka gyara tayoyi shida," ya ce. "Jibi za mu tahi."

Ƙarshen damina ne muka tashi. Aka buga mana hatimi a ɓangarenmu, aka buga a Ɗan Isa, jandarma ya leƙa bayan mota ya ga buhunan gero da jarkokin ruwa ya ɗaga mana hannu. Habibu ya zauna a bakin taga, ni a tsakiya gwiwata tana karo da giyar mota. Mutum ne ɗan shekara talatin, malamin Islamiyya, mai gaskiya amma a sandare, irin wanda ko dariya zai yi sai ya duba ko ta halatta. Ban ƙi shi ba. Uwarsa yake karewa, kuma da ni ne a matsayinsa abin da zan yi ke nan.

Shekara ashirin ina facin tayoyin Maharazu, amma sai a tafiyar nan na ga aikinsa. Da an idar da sallar asuba yake tashi, lokacin rairayi na da sanyi yana ɗaukar mota. Kafin mu shiga yashi mai laushi sai ya tsaya ya sa ni in rage wa tayoyi iska har su yi ciki, in mun fito kan tsauri in sake bugawa da famfon hannu. Da rana ta take sai ya ɗaura tamfol a jikin mota mu kwanta a ƙasa, ba mai motsi sai la'asar. Ruwan sha a salka yake, rataye a gefen mota, iska tana sanyaya shi. Inda sawu ya rabu yakan sauka ya tsuguna, ya murza kashin raƙumi a hannu, ya dubi inda ciyawa ta kwanta, ya dawo ya kama hanya ba tare da ya ce mana komai ba. Sau ɗaya muka kafe. Ni da Habibu muka yi ta tono muna cusa farantan ƙarfe a ƙarƙashin taya, shi yana zaune a kan sitiyari yana ba da umarni da yatsa ɗaya kamar hakimi.

Kwana biyu ban tsokane shi ba. A rana ta uku muna shan shayi ya dube ni da gefen ido.

"Nagoggo, ba ka da lahiya ne? Tun Maraɗi ban ji ka ce mini gajere ba."

Na ce ina tausayin motar ce, ta isa da nauyin kansa ba sai na ƙara mata ba. Har Habibu ya murmusa.

Muka wuce Agadas ba mu yi ko awa biyu ba, muka shiga duwatsu baƙaƙe. A rana ta shida da hantsi muka isa haƙon. Ban san abin da na zata ba, amma ba wannan ba. Ramuka ne birjik, wasu sun rufta, wasu baki buɗe ba a ganin ƙasansu. Ga gidajen dutse babu rufi, ga 'yan kekunan ƙarfe na ɗaukar ƙasa sun yi tsatsa a kan guntun dogo da bai je ko'ina ba, ga wani babban inji da akuya ta haihu a inuwarsa. Mutanen da suka rage ba su fi ashirin ba. Tun da babu ruwan wanke ƙasa, sheƙe ta suke yi a ƙwarya suna bakace kamar yadda matanmu ke yi wa gero, ƙasa ta tashi, baƙar ƙwayar kuza ta zauna a gindi. Wuni guda mutum bai cika tafin hannu ba. Na tsaya ina kallo, na tuna Ɗanladi ya bar gonarsa ya zo nan ne don ya ciyar da gida, sai na ji zuciyata ta karye.

Wata tsohuwa ta ce Agali yana nan da ransa, ya kai awaki rijiya, sai la'asar. A nan ne Maharazu ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya tuka motar ya ɓoye ta bayan wani tudu, ya ce shi ba zai fito ba.

"Ku tahi ku kaɗai. Kada ya gan ni, kada ku ambaci sunana. Ba ni son gobe a ce ni na sa mishi magana a baki."

Mutumin da zai tsayar da mota don ya gaida makiyayin da bai sani ba, ranar ya zauna cikin zafi ya ƙi gaida abokinsa.

Agali dogo ne siriri, rawaninsa ya rufe komai sai idanu. Ya shimfiɗa mana buzu, ya ɗora shayi, bai tambaye mu abin da ya kawo mu ba sai da muka sha kofi na farko. Habibu ya ce daga Najeriya muke, muna cigiyar wani mutumin Gangara.

"Ɗanladi," in ji Agali. "Mai tabon ƙuna a hannun hagu. Allah shi jiƙan shi. Wata bakwai muna bakace tare."

Ya ba da labarin da Hausarsa ta Agadas, a hankali, kuma babu inda ya saɓa da abin da muka ji a zauren Gangara shekara uku da suka wuce. Ya ce shi da wani gajeren direba na Jibiya suka binne shi, direban ya kwance rawaninsa aka yi likkafani. Wannan Maharazu bai taɓa faɗa ba. Sannan ya shiga bukkarsa ya fito da wata ƙwarya, ya ce Ɗanladi ya bar masa ajiya ranar da zai tafi. Ta taɓa fashewa an ɗinke ta da zare, ɗinki ƙanana a jere. Habibu ya juya ta a hannunsa ya daɗe.

"Ɗinkin Inna ne," ya ce.

Washegari da sassafe Agali ya shiga gaba, bayan sun gama faɗa da Maharazu a kan ƙin gaisuwar jiya. Muka yi awa biyu a mota, muka bar ta inda duwatsu suka tsuke, muka taka a ƙasa cikin wani busasshen kwari. Babu ciyawa, babu tsuntsu, ba ka jin komai sai takunka. Muka zagaya wani kwana, Agali ya tsaya.

Tana nan. Ta fi bijimin sa girma, an sassaƙa ta a jikin dutse da layi mai zurfi da yatsa ke shiga, ga hanci ya lanƙwashe, ga haure, ga ƙafa ɗaya ta ɗaga kamar za ta taka. A ƙasanta shanu masu dogon ƙaho sun jeru sun sunkuyar da kai yadda shanu ke yi a bakin gulbi. Raƙuman dawa biyu suna gefe, an bi jikinsu an ƙwanƙwasa kowane ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Ni mai aikin hannu ne, na san abin da ake kira haƙuri da ƙarfe, kuma wanda ya yi wannan ya daɗe a tsaye a wurin. Agali ya ce kakannin kakanninsa haka suka tarar da su. Ban san lokacin da na fara ƙirga shanun ba. Ashirin da uku ne.

Habibu ya kau da kai da farko, ya ce aikin mutanen jahiliyya ne.

"Ban ce ka yi musu sujada ba, Malam," in ji Maharazu. "Alƙali za ya tambaye ka ko ka gani."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa fiye da yadda alƙali ke bukata. Sannan Agali ya kama hannunsa ya ja shi taku kaɗan zuwa inda dutsen ke yin inuwa. An jera duwatsu tsawon mutum, an kafa ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, an danne da manya saboda dila. Habibu ya durƙusa ya fara addu'a, muryarsa ta tsinke a tsakiya, Agali ya ƙarasa masa. Muka shafa.

Na koma wurin Maharazu, yana tsaye hannu a baya yana kallon giwarsa. Taubasai ba su saba ba juna haƙuri ba, bakina bai san hanyar ba.

"Kunnenta ɗaya ya hi ɗaya," na ce.

"Sai ka hwaɗa wa wanda ya zana."

Sai na ce, "Maharazu, na cuce ka."

"Ba ni ka cuta ba," ya ce, ya juya ya nufi mota.

A kotu ba a daɗe ba. Habibu ne ya fara miƙewa, ya faɗi abin da ya ji daga Agali da abin da ya gani da idonsa, ya ce ya janye maganarsa a kan Maharazu a gaban kowa kamar yadda ya yi ta a gaban kowa. Na bi bayansa. Alƙali ya tabbatar da mutuwar Ɗanladi, ya yi masa addu'a. Salmatu ta sunkuyar da kai cikin mayafinta ta ce ta gode.

Amma takardar kotu ba ta shiga ɗakin Hajjo, kuma Salmatu ta ce ba za ta fara takaba a gidan da uwar mamaci ke jiran dawowarsa ba. An kai wa tsohuwa ƙwaryar, ta duba ɗinkinta ta ajiye, ta ce ƙwarya ana iya barin ta a ko'ina. Aka kwana biyu a haka. A na uku ta aiko a kira mata Maharazu.

Bayan la'asar muka je. Tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, ƙarama, ta rame, carbi a hannu. Habibu yana gefenta, Salmatu tana bakin madafa da muciya a hannu ta daina tuƙi. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ba ta dube ni ba.

"Maharazu, abu ɗaya za ni tambaye ka. Ka yi mishi wanka?"

A zuciyata na roƙi Allah ya sa ya ce e. Wa zai ƙaryata shi? Agali yana can bayan kwana shida, tsohuwa kuma ta sha wahalar da ta isa. Na ga Habibu ma yana yi masa ido.

"Ban yi mishi ba, Inna," ya ce. "Rabin jarka ta rage muna, mota tana yoyo, rijiyar wajen haƙon ta ƙafe a shekarar, ruwa na gaba sai kwana biyu. Na auna, na ga in na wanke shi mu ukku za a ishe a wurin. Taimama na yi mishi da ƙasa mai tsabta, huska da hannuwa. Abin yana damuna har yau. Ki gahwarce ni."

Hajjo ta ja carbinta ƙwaya biyu ko uku ta tsaya.

"Shekara ukku ina tambayar masu kawo kanwa yadda ruwa yake a ƙasar can," ta ce. "Da ka ce ka wanke shi, da na san daɗin baki kake mini." Ta ɗaga kai ta dube shi sosai. "Allah shi biya ka. Kai ma Allah shi ba ka mai rufe ka."

Maharazu ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa. Tun muna yara ban taɓa ganin hawayensa ba.

Sannan ta juya wajen madafa.

"Salmatu. Zo nan, ɗiyata. Cire 'yan kunnen nan ki ba ni in aje miki."

Salmatu ta ajiye muciya ta zo ta durƙusa a gabanta. Ta kai hannu kunne, ta kasa kwancewa. Hajjo ta jawo kanta a hankali ta ɗora a cinyarta, ta cire mata na dama, ta cire na hagu, ta ƙulle su a bakin zanenta. Sai a lokacin su biyun suka yi kukan da suka yi shekara uku suna riƙewa.

Muka tashi muka ba su wuri. Habibu ya fita sanar da liman, ni da Maharazu muka ɗauko tabarmi muka fara shimfiɗawa a ƙofar gida, don masu gaisuwa ba za su daɗe ba za su fara zuwa.